Tambaya da Amsa: SSD na Ciki ko na Aljihu?

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru mini a wannan watan kusan duk hanya guda suka bi, don haka na ware huɗu da suka shafi SSD, ma'ajiyar nan da ta zo ta maye gurbin tsohon diski mai juyawa, wanda mu a nan Maradi muka saba ce wa diski dur. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina buɗe cikin kwamfutocin mutane a ɗan shagona da ke kusa da babbar kasuwa, kuma abin da zan rubuta a nan shi nake faɗa wa duk wanda ya zauna a kan bencina. Kamar kullum, ba na sa sunan mai tambaya.

TAMBAYA: Malam, ina wuni, ya aiki? Ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina shekarar ƙarshe, ina rubuta memwar, wato kundin kammala karatu. Yayana ya sayo mini HP EliteBook 8470p ta hannu daga Kano. In na kunna ta, sai in yi alwala in yi salla in dawo ba ta gama farkawa ba. Ƙawata ta ce in sayi SSD na aljihu, irin wanda ake jonawa da kebul, in kwashe kayana in zuba a ciki, wai sai ta yi sauƙi. Jaka talatin gare ni, ba ni da halin sayen biyu. Wanne zan saya? Daga unguwar Zariya.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ƙawarki ta so ki da alheri, sai dai maganin da ta ba ki ba na wannan ciwon ba ne. Na ciki za ki saya.

Windows da Word da duk manhajojin da kike aiki da su a kan diskin da ke cikin kwamfutar suke zaune, kuma duk lokacin da kika danna maɓallin kunnawa daga can ake ɗebo su. A irin injinki, in ba a taɓa canza shi ba, diskin nan faifai ne na gaske da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti guda, da wani ɗan hannu siriri da ke kai da komo a samansa yana neman inda aka rubuta kowane abu. Tashin Windows kuwa ɗebo dubban ƙananan fayiloli ne warwatse, wannan gabas wancan yamma, kuma hannun nan guda ɗaya shi zai bi su ɗai-ɗai. Shi kike jira har ki idar da salla. SSD ba shi da faifai, ba shi da hannu, babu abin da ke motsi a cikinsa, duk inda aka nemi abu nan take yake miƙo shi.

To in kika sayi na aljihu kika kwashe hotuna da takardunki kika zuba a ciki, Windows tana nan inda take, a kan tsohon faifan. Na ciki tukunya ce a kan murhu, na aljihu kuwa langar da ake zuba tuwo ne a kai wa maƙwabta. In tukunya ce ke jinkirin tafasa, sabuwar langa ba za ta sa tuwo ya nuna da wuri ba. Inda kwashe kaya yake ɗan taimakawa shi ne in diskin ya cika maƙil har layinsa ya koma ja, shi ma ɗan sauƙi ne, ba waraka ba.

Wanda zai shiga injinki shi ne SSD mai bakin SATA, inci 2.5, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, kaurinsa milimita 7. Yana karanta kusan megabayit 550 a daƙiƙa guda, tsohon naki kuwa in ya kai 100 ya yi ƙoƙari. Samsung 870 EVO da Crucial MX500 su na fi yarda da su, Kingston A400 ya fi su sauƙin kuɗi kuma yana aikin ɗalibi ba tare da matsala ba. Ba zan yanka miki farashi a nan ba, domin kuɗin waɗannan kaya yana hawa da sauka tare da canjin naira da sefa. Mai giga 256 ya ishi memwar da karatu, amma in kuɗinki sun kai mai 500, ɗauki shi. Ko wanne kika saya, kada ki cika shi har baki, SSD yana son a bar masa ɗan fili yake numfashi.

Sa shi ba aikin wahala ba ne. Wannan samfurin, da an cire batir sai murfin ƙasa ya zare, ga diskin nan a fili. Amma kafin kowa ya taɓa ta, ki kwafi memwar ɗinki wuri uku: a kan kile, wato ɗan filashin USB, a cikin salularki, sannan ki aika wa kanki ta imel. Ina nanata wannan ne don na ga hawaye a shagon nan fiye da sau ɗaya. Akwai wani ɗalibi da ya zo mini saura mako biyu ya kare aikinsa a gaban malamai, an goge masa komai a wani wuri da sunan gyara, babi huɗu, ba kwafi ko ɗaya. Mun kwana biyu muna tono, rabin babi na uku kawai muka samo. Ki tsaya a gaban mai gyaran har ya gama, ki kuma ce ya zuba miki sabuwar Windows, ya fi ya kwaso tsohuwar da duk tarkacenta. Ki sa ya duba RAM ma, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a lokacin. In giga 4 ce, ki yi tanadin mai da ita 8 nan gaba.

Sannan ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: kada ki bar tsohon diskin a shago. Naki ne, hotunanki da sirrinki suna ciki. Akwai ɗan akwati mai bakin USB da muke ce wa bwatiye, kuɗinsa kaɗan ne. A zura tsohon diskin a ciki, ya zama miki ma'ajiyar waje. Kin ga da kuɗin abu guda kin sami biyun da kika ce ba ki da halinsu. Sai dai ki riƙa lallaɓa shi, har yanzu faifai ne, kada ya faɗi yana aiki. Ita kuwa kwamfutar, da SSD a cikinta ta daina tsoron gargadar hanya. Tsofaffin diski da yawa a kan kabu-kabu suke mutuwa: mutum ya rufe murfi ya jefa ta jaka faifan bai gama tsayawa ba, ya hau babur a bi da shi cikin ramuka, washegari ya kawo mini ita tana ƙas-ƙas-ƙas.

TAMBAYA: Salamu alaikum maigida. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne, ina zaune Ali Ɗan Sofo, aiki yana kai ni Tsibiri, Madarunfa, wani lokaci har Tasawa. Ina haɗa bidiyo a kwamfutar tebur ta shago, da dare kuma in ci gaba a ta hannu a gida. Na sayi Samsung T7 mai tera ɗaya, a kwalinsa an rubuta 1050, amma in ina kwafar biki guda sai in sha shayi har na uku bai gama ba. Ko jabu aka sayar mini? Kuma ina so in mai da shi wurin ajiyar duk bukukuwan da na ɗauka.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kai kam ka yi daidai da ka sayi na aljihu, domin aikinka yawo yake tsakanin inji biyu, irinka aka yi wa shi. Kuma ina kyautata zaton ba jabu ba ne. Kafin ka zargi diskin, duba ramin da kake soka shi da kebul ɗin da kake amfani da shi.

Lambar 1050 da ka gani megabayit ne a daƙiƙa, kuma ba ya kaiwa nan sai an jona shi a ramin USB mai gudun gigabit 10. Ramin USB 3.0, wanda galibi harshensa shuɗi ne ko an rubuta SS a gefensa, gigabit 5 yake ɗauka, a aikace megabayit 400 da ɗoriya. Baƙin rami na USB 2.0 kuwa da ƙyar yake wuce 40. Yi lissafi da bikin da ya kai giga 100: a baƙin rami minti arba'in da wani abu, a shuɗi minti huɗu, a mai gigabit 10 bai cika minti biyu ba. Diski guda ne, ƙofa ce ta bambanta. Kwamfutocin tebur da yawa ramukan gabansu na 2.0 ne, shuɗayen suna baya inda hannu ba ya son kaiwa. Zagaya bayan taka ka duba.

Kebul ma haka. Kada siffar bakin USB-C ta ruɗe ka, siffa ce kawai. Yawancin kebul ɗin cajin salula bakinsu iri ɗaya da na T7, amma a ɗaukar bayanai gudun 2.0 suke yi. Watan jiya wani abokin sana'arka ya shigo mini da fushi zai mayar da diskinsa, ashe yaronsa ne ya ɗauke kebul ɗin asali ya kai gida caji, ya bar masa na salula. Na ciro ɗan gajeren kebul daga aljihun tebur na jona, layin kwafi ya zabura a gaban idonsa. Wanda ya zo a cikin kwali, ɗaure shi da diskin da roba, kada su rabu.

In ka gyara waɗannan biyun ka ga yana farawa da gudu sannan ya lafa a tsakiya, abu biyu ke jawo haka. Yawancin SSD suna da wani ɗan sashe mai saurin karɓa, in ya cika sai sauran ya riƙa shiga a hankali, wannan halittarsu ce. Na biyu zafi. In SSD ya yi zafi da yawa da kansa yake rage gudu don kada ya lalace, kuma ka san Maradi a watan Afrilu da Mayu, ma'auni yana haura 40 a inuwa. Kada ka ɗora shi a kan kwamfutar inda iska mai zafi ke fita, kada ka bar shi a akwatin babur cikin rana, in kana babban kwafi juya masa fanka.

Ka tabbata tsarin da ke kansa exFAT ne, shi ne Windows da Mac duk suke karantawa su rubuta. In wani ya mai da maka shi FAT32, fayil ɗin da ya wuce giga 4 ba zai shiga ba, bidiyon biki kuwa ka san girmansa. Kuma kada ka fizge shi sai ka sallame shi daga Windows tukuna. A kwamfutar tebur da ba ta da ondulār, wato akwatin batirin da ke riƙe ta in wuta ta yanke, in kuran ya ɗauke ana cikin rubutu, fayil ɗin da ake rubutawa ya tafi, wani lokaci har jadawalin diskin ya rikice. Ta hannu batirinta yana rufa mata asiri.

Yanzu maganarka ta biyu, wadda ta fi damuna. Don Allah kada ka mai da shi rumbunka. Tsohon diski in zai mutu yakan yi gargaɗi, ya yi ƙara, ya yi nauyi, mutum ya samu ya kwashe abin da zai kwasa. SSD sau da yawa ba ya sallama: jiya lafiya lau, yau ka jona shi kamar ka jona dutse. Ceto bayanai daga cikinsa kuma ya fi wuya nesa ba kusa ba, har abin da ka goge da kuskure, domin akwai wani umarni da ake kira TRIM da ke sa shi ya share gurbin da gaske, musamman a na ciki. Ban da haka, caji ne ɗan ƙanƙani yake riƙe da bayanan, kuma in aka jefa shi a aljihun tebur ba a jona shi, cajin yana zurarewa sannu a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Ƙa'idar JEDEC da masu ƙera su ke bi ta ce wanda ya cinye adadin rubutun da aka ƙayyade masa ya riƙe bayanai shekara guda ba wuta a zafin digiri 30. Sabo yana wuce haka sosai, amma ɗakunanmu ma suna wuce 30.

Ga kuma girmansa, bai kai kwalin ashana biyu ba, cikin hayaniyar kamu ko ɗaukar amarya zai zame daga aljihu ba ka ji ba. Na san wani da ya rasa bikin ƴar wani dattijo ta haka, ɗaurin aure da walima da komai, bai kwafe ko'ina ba. Kuɗin da ya mayar ba su ne abin da ya fi ci masa rai ba. Kakar amarya ta rasu bayan bikin da wata biyu, kuma a cikin bidiyon nan ne aka ɗauke ta tana sa wa jikarta albarka. Har yau in ya hango mutanen gidan yakan canza hanya.

Saboda haka T7 ya zama na aikin da ke hannu. Ka sayi babban diski mai juyawa, tera 4 ko fiye, wanda kowace giga tasa ta fi ta SSD araha, ka ajiye shi a gida. Daren da ka dawo daga biki, kafin ka kwanta, ka zuba a duka biyun, kuma kada ka goge katin kyamara sai ka ga kwafi biyu da idonka.

TAMBAYA: Yaro, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne, ina bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Kano. Ɗana ya nuna mini SSD na aljihu mai tera 16 da ake tallarsa a intanet, kuɗinsa bai kai na buhun gero ba. Ina so in zuba lissafin shaguna da takardun kaya in riƙa yawo da su. In saya?

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, kada a saya. Mai tera 16 na gaskiya, in ma an same shi, kuɗinsa ya fi na kwamfutoci da yawa a haɗe. Na fasa irin wannan da hannuna, wani ya kawo mini shi bayan takardunsa sun ƙi buɗewa. Abin da na tarar a ciki ɗan katin memori ne irin na salula an manne shi da gam a jikin ƙaramin allo, sai guntun ƙarfe da aka liƙa don ya yi nauyi a hannu. An yi masa dabara ne ya riƙa gaya wa kwamfuta ƙarya game da girmansa. Mugun abin shi ne yana karɓar duk abin da aka zuba masa, sunayen fayiloli suna nan reras, amma da ɗan katin ya cika sauran a iska suke tafiya. Ba a ganewa sai ranar da ake buƙata.

Lissafin shaguna da takardu ba su da nauyi, mai giga 500 na kamfanin da aka sani, Samsung ko SanDisk ko Crucial ko Kingston, zai ɗauke su shekara da shekaru. A saya a wurin wanda in an sami matsala za a iya komawa a same shi. Kafin a zuba komai, yaron ya gwada shi da wata ƴar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, tana cika diskin da bayanai sannan ta karanto su, in akwai ƙarya za ta tona. In kuma kun sayi mai tera ɗaya Windows ta nuna giga 931, wannan ba cuta ba ce, bambancin ƙidaya ne tsakanin masu ƙerawa da Windows.

Abu guda nake roƙon Alhaji. Wanda ke yawo da sirrin kasuwancinsa a aljihu yana tsallaka iyaka, ya sa masa makulli. Windows ta Pro tana da BitLocker, tana kulle diskin da kalmar sirri, ko ya faɗi a tasha wanda ya tsinta ba zai ga komai ba. A rubuta lambar ceto da take bayarwa a takarda a ajiye a gida, domin in an manta kalmar kuma babu lambar, ni ma ba zan iya buɗe shi ba. Kuma a guji soka shi a kwamfutocin wuraren buga takardu, can ake kwaso cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. In za a buga takarda, a kwafe ta a kile daban. Asalin lissafin kuma ya zauna a kwamfutar gida. Allah ya kiyaye hanya, ya ƙara buɗi.

TAMBAYA: Yaya, na sayi SSD siriri irin na M.2 daga hannun wani aboki, na sa a kwamfutata ya shiga daidai, amma ba ta ganinsa. Abokin ya ce lafiyarsa lau. Na yi asara ke nan? Daga Sabon Gari.

AMSA: Ba ka yi asara ba tukuna ƙanena. M.2 sunan siffa ne, kuma iri biyu ne ke sanye da wannan rigar: akwai mai magana da harshen SATA, akwai NVMe, wanda ke kaiwa megabayit 3500 a daƙiƙa a kan PCIe 3.0, wato hanyar da yake bi ya yi magana da kwamfutar, ya ninka haka a kan 4.0. Wasu injuna guda ɗaya kawai suke ji, ko da ɗayan ya zauna daram a ramin. Dubi bakinsa wajen haƙoran zinariya: mai giɓi biyu galibi SATA ne, mai giɓi ɗaya galibi NVMe. Sannan ka nemi lambar samfurin kwamfutarka a ƙasanta ka binciki wanda take karɓa. Tsawo ma yana da magana, 2280 da ake rubutawa yana nufin faɗi milimita 22, tsawo 80, kuma akwai gajeru.

Kafin nan, buɗe wurin sarrafa diski na Windows ka duba, wataƙila tana ganinsa, ba a dai tsara shi an ba shi harafi ba ne. In da gaske ba su jitu ba, sayi bwatiye na M.2 da ya dace da irinsa ka zura shi, ya zama maka na aljihu mai kyau. Tun da na hannu ne, jona shi ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo, za ta nuna maka awa nawa ya yi yana aiki, tera nawa aka rubuta a kansa, da kason lafiyar da ta rage masa. In ta nuna rawaya ko ja, mayar wa abokinka tun kuna shiri. In ba ka da inda za ka gwada, kawo shi shago bayan la'asar, ina da bwatiye na iri biyun a kan tebur.